BABI NA TARA: DABARUN BINCIKEN TSINKAYE

9.0 Gabatarwa

A babukan da suka gabata mun yi nazarin furuci, wato yadda gaɓoɓin sauti suke haɗuwa su samar da baƙaƙe da wasula. Sai dai magana ba ta ƙarewa a bakin mai furuci. Sai ta isa kunnen mai sauraro, ƙwaƙwalwarsa ta tace ta, ta ba ta ma'ana, sannan za a ce sadarwa ta kammala. Wannan rabi na biyu shi ne abin da wannan babi zai duba.

Duk malamin da ya taɓa fita duba ɗalibai a lokacin gwajin koyarwa ya gamu da irin wannan yanayi. Malami ya rubuta kalmomin Ingilishi pull da full a allo, ya furta su, ya ce yara su maimaita. Yaro Bahaushe ya furta su iri ɗaya. Malami ya sake, yaro ya sake, daga ƙarshe a kira yaron daƙiƙi, wani lokaci har da bulala. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: shin bakin yaron ne ya kasa, ko kuwa tun farko kunnensa ne bai raba sautukan biyu ba? Matsalolin nan biyu ba magani ɗaya gare su ba, kuma ba a gane wadda ke damun yaron ta hanyar zato ko gardama, sai ta hanyar gwaji. Koyon tsara irin wannan gwaji fanni ne mai zaman kansa a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ake yin digiri na biyu da na uku a kansa.

Bayan nazarin wannan babi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance riska da tsinkaye;
(b) bayyana manyan dabarun auna tsinkayen sauti;
(c) tsara ƙaramin gwaji a kan Hausa;
(d) fayyace abin da karatun gaba da digirin farko a wannan fanni ya ƙunsa.

9.1 Riska da Tsinkaye

Allah ya hore wa ɗan Adam mariskai biyar: gani da ji da sansana da ɗanɗano da taɓawa. A wannan babi za mu yi amfani da kalmar riska da ma'anar karɓar saƙo da gaɓa take yi daga waje, kamar yadda haske yake shiga ido ko girgizar iska take kaɗa dodon kunne. Tsinkaye kuwa shi ne aikin da ƙwaƙwalwa take yi a kan wannan saƙo: ta tsara shi, ta kwatanta shi da abin da ta sani, ta yanke hukuncin ko mene ne.

Alal misali, idan aka furta kafa da ƙafa a gaban Bahaushe da kuma baƙon da ya fara koyon Hausa jiya, girgizar iskar da ta isa kunnuwansu iri ɗaya ce. Amma Bahaushe ya ji kalmomi biyu da ba su da dangantaka, baƙon kuwa sau da yawa kalma ɗaya yake ji an maimaita. Haka abin yake game da tsawon wasali a gari na mutane da gari na tuwo, da kuma karin sauti a kuka na hawaye da kuka ta miya. Riskarsu ɗaya, tsinkayensu ya bambanta.

A nan wahalar bincike take. Furuci ana iya naɗarsa a na'ura a auna shi. Tsinkaye kuwa a cikin kai yake faruwa, ba mai ganinsa. Tambayar mutum ya bayyana abin da ya ji ba ta wadatarwa, domin mafi yawan aikin ƙwaƙwalwa yana gudana ne ba da sanin mai ita ba. Dole mai bincike ya ƙirƙiro wani aiki da za a ba mai sauraro, wanda sakamakonsa zai ƙidayu, ya kuma tona abin da ke ɓoye.

9.2 Taƙaitaccen Tarihi

Masanin nan Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basara wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne yake fitar da haske. Ya kuma bayyana cewa gani ba ya cika sai hankali ya yi kwatance da hukunci a kan abin da ido ya karɓa.

A ƙasar Jamus aka fara auna tsinkaye da alƙaluma. A 1834 Ernst Weber ya wallafa gwaje-gwajensa na ɗaga nauyi, inda ya gano cewa ƙarin da mutum yake iya lura da shi ya dogara ne da girman abin da aka ƙara wa. Wajen ɗaga kaya da hannu, sai ƙarin ya kai kimanin kashi 1 cikin 40 na nauyin farko kafin a ji shi. Wato ke nan, 'yan ƙwayoyin geron da za a ji nauyinsu a tafin hannu, in an zuba su a buhu ba mai sanin an ƙara. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da Weber ya yi shi ne auna iyakar wannan sanin kima.

A 1860 Gustav Fechner ya tsara dabarun auna dangantakar abin da ke waje da abin da mutum yake ji a jikinsa, ya kira fannin saikofizik. Dabarunsa uku har yau ana koyar da su. Ta farko, a riƙa ƙara ƙarfin sauti ko rage shi a hankali har mai sauraro ya ce ya fara ji ko ya daina. Ta biyu, a zaɓi matakai ƙayyadaddu a yamutsa jerinsu, a ƙidaya sau nawa aka ji kowanne. Ta uku, a bar mai sauraro ya murɗa na'ura da kansa har sautuka biyu su daidaita a kunnensa. A 1879 kuma Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin ilimin halayyar ɗan Adam na gwaji.

9.3 Dabarun Auna Tsinkayen Sautin Magana

9.3.1 Gwajin Tantancewa da Gwajin Bambancewa

A gwajin tantancewa, ana kunna sauti ɗaya a ce mai sauraro ya faɗi ko wanne ne cikin zaɓin da aka ba shi. A gwajin bambancewa kuwa, ana kunna sautuka uku: na farko da na biyu sun bambanta, na uku kuma maimaicin ɗayansu ne. Aikin mai sauraro shi ne ya nuna wanda aka maimaita. Amfanin wannan dabara shi ne ba ta bukatar mai sauraro ya iya karatu ko ya san sunan sauti.

A 1957 Alvin Liberman da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Haskins a Amurka suka haɗa dabarun biyu. Sun ƙera jerin sautuka 14 da na'ura, waɗanda suke gangarowa daga b zuwa d zuwa g, da tazara iri ɗaya tsakanin kowane sauti da maƙwabcinsa. Masu sauraro ba su ji gangaren a hankali ba. Sun ji rukunoni uku masu iyakoki. Sautuka biyu da ke cikin rukuni ɗaya sun yi musu wuyar rabewa, amma biyun da iyaka ta ratsa tsakaninsu sun rabu a fili, alhali tazarar ɗaya ce. Wannan shi ake kira tsinkayen rukuni, kuma yana nuna cewa ƙwayar sauti da muke karantawa a tsarin sauti tana da tasiri na zahiri a kan abin da kunne yake ji.

9.3.2 Gwajin Jarirai

Jariri ba ya amsa tambaya, saboda haka sai an bi ta wata hanya. A 1971 Peter Eimas da abokan aikinsa suka ba jarirai 'yan wata 1 da 'yan wata 4 robar tsotso da aka haɗa da na'ura. Duk lokacin da jariri ya yi tsotso da ƙarfi sai ya ji gaɓar ba. Idan ya saba da ita sai tsotson ya ragu, a nan sai a sauya sautin. Abin da aka sauya shi ne tazarar da ke tsakanin buɗewar leɓɓa da fara kaɗawar tantanin maƙwallato, da kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa kawai. Idan sauyin ya tsallaka iyakar ba zuwa pa, tsotso yakan ƙaru, alamar jariri ya ji sabon abu. Idan bai tsallaka ba, ba a ganin irin wannan ƙaruwa.

A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka gwada jariran Kanada da ake reno da Ingilishi. Sun koya musu waiwayawa wajen wani abin wasa duk sa'ad da sauti ya sauya. Sautukan an ɗauko su ne daga harshen Hindi da kuma wani harshen 'yan asalin yammacin Kanada mai tunzuɗau guda biyu, ɗaya ya yi kama da ƙ ta Hausa, ɗayan ana furta shi can baya wajen beli. 'Yan wata 6 zuwa 8 sun rabe sautukan, amma mafi yawan 'yan wata 10 zuwa 12 sun kasa. Wato tun kafin yaro ya fara magana, harshen uwa ya riga ya fara horar da kunnensa.

9.3.3 Gwajin Karo da Juna

A wannan dabara ana aika wa mariskai biyu saƙonni masu saɓa wa juna, a ga yadda ƙwaƙwalwa za ta sasanta su. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila suka ɗora muryar da ke cewa ba a kan hoton majigi na fuskar da ke furta ga. Mafi yawan manyan da suka kalla sun ce da suka ji. Da zarar an rufe ido kuwa, sai a ji ba sarai. Muna cewa gani ya kori ji. A nan gani bai kori ji ba, sauya shi ya yi. Darasi ga malami shi ne ya fuskanci yara idan yana koyar da sabon sauti, kada ya furta shi yana kallon allo.

9.4 Matakan Tsara Gwaji

Mu koma ga yaronmu na pull da full. Mun sani daga tsarin sauti cewa p da f ba ƙwayoyin sauti biyu ba ne a Hausa, takwarorin ƙwaya ɗaya ne. Shi ya sa muka aro fensir da famfo da fasinja da f, kuma ko an furta su da p ma'ana ba ta sauyawa. Wannan ya ba mu dalilin zargin kunne, amma zargi ba hujja ba ne. Ga matakan da mai bincike zai bi:

(a) Hasashe. A faɗe shi ta yadda sakamako zai iya ƙaryata shi. Misali: yara Hausawa 'yan aji huɗu na firamare ba za su rabe p da f a gwajin bambancewa fiye da yadda mai kintace zai yi ba.

(b) Abin sauyawa da abin aunawa. Abin sauyawa shi ne nau'in sautukan da ake kunnawa. Abin aunawa shi ne yawan amsoshin da suka yi daidai. Duk wani abu ban da waɗannan, kamar ƙarfin murya da ɗakin gwaji da umarnin da ake bayarwa, dole ya kasance iri ɗaya ga kowa.

(c) Kayan gwaji. A yi amfani da gaɓoɓi marasa ma'ana, irin apa da afa, domin kada sabo da wata kalma ya taimaki wani yaro. A naɗi muryoyin mutane da yawa, maza da mata, domin kada yaro ya dogara da wata ɗabi'ar murya guda.

(d) Ma'aunin kwatance. A cakuɗa zubin kamantau na Hausa a ciki, kamar bari da ɓari ko kafa da ƙafa. Yaron da ya kasa waɗannan, to ko dai bai fahimci aikin ba, ko na'ura ba ta da kyau, ko yana da larurar ji. Haka kuma a samu rukunin yaran da harshensu ya raba p da f, kamar Fulfulde, inda ake da Pullo da Fulɓe.

(e) Samfuri. A zaɓi yara ta hanyar ƙuri'a, kada a bar shugaban makaranta ya turo zaƙaƙuran ajinsa. A rubuta karin harshen kowane yaro, domin Basakkwace mai cewa hwari ba lallai ne ya yi daidai da Bakano ba. A kuma rubuta sauran harsunan da yake ji.

(f) Ƙididdiga. Tunda zaɓi biyu ne, wanda ya rufe kunne ya yi ta kintace zai samu kimanin rabi. Mu ƙaddara tambayoyi 20 ne. Lissafi ya nuna cewa damar mai kintace ya samu 14 ko fiye ta kusa kashi 6 cikin 100, damar ya samu 15 ko fiye kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 ce. Bisa al'adar masu bincike, sai damar ta gaza kashi 5 cikin 100 ake yarda cewa ba sa'a ba ce. Ke nan wanda ya ci 12 cikin 20 bai nuna yana rabewa ba, ko da yake a jarrabawar aji an ce ya haye.

(g) Gwajin furuci. A naɗi yaran suna furta gaɓoɓin, a ba wasu masu sauraro da ba su san yaran ba su tantance. Sai an haɗa sakamakon biyu za a san inda gizo yake saƙa, a kunne ko a baki.

9.5 Tarkunan da Mai Bincike Zai Kiyaye

Tarko na farko shi ne mai binciken kansa. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Berlin mai suna Hans, wanda ake yi wa tambayar lissafi yana amsawa da bugun kofato. A 1907 Oskar Pfungst ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa dokin yakan kasa idan mai tambaya bai san amsar ba, ko idan dokin ba ya ganinsa. Ashe ɗan motsin kai da na fuska yake karantawa, wanda mutane suke yi ba da saninsu ba. Idan doki zai iya haka, ina ga yaro mai son faranta wa malaminsa? Saboda haka wanda yake zaune da yaro bai kamata ya san amsar da ke daidai ba.

Tarko na biyu shi ne jerin tambayoyi. Gajiya da sabo suna shafar amsa, don haka a yamutsa jerin ga kowane yaro. Na uku shi ne hayaniya, musamman ƙarar janareta da ta kasuwa, domin zuzau irin f shi ne farkon abin da hayaniya take haɗiyewa. Na huɗu shi ne gaggawar yarda da sakamako guda. A 2015 wata gamayyar masana ta wallafa rahoton sake gudanar da bincike 100 da aka buga a manyan mujallun fannin, kuma waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba. Tun daga lokacin aka ƙara matsa wa masu bincike su rubuta hasashensu da tsarinsu kafin su tattara bayanai.

Akwai kuma ladubba. Ba a gwada yaro sai da izinin iyayensa da na hukumar makaranta da kuma yardarsa. Ba a bayyana sunansa, ba a ɗaga sauti har ya cutar da kunne, kuma yana da 'yancin dainawa a duk lokacin da ya so.

9.6 Su Wa Aka Gwada?

A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja hankalin masana ga wani giɓi. Kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka gwada a binciken da manyan mujallun fannin suka buga daga 2003 zuwa 2007 sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 cikin 100 kacal na al'ummar duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsinkaye yana iya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. A 1999 Emmanuel Dupoux da abokan aikinsa suka nuna cewa Japanawa sukan ji wasalin u a tsakiyar ebzo alhali babu shi, domin harshensu bai yarda da irin wannan cunkoson baƙaƙe ba, Faransawa kuwa ba sa jin sa. Hausa ma tana saƙa wasali a kalmomin aro irin burodi da fulawa. Shin a baki kawai muke saƙa shi ko tun daga kunne? Tsawon wasali nawa ne yake mayar da dafa ta girki ta koma dafa ta jingina? Waɗannan tambayoyi ne da suka isa kundin digiri, kuma wanda ya tashi da harshen ya fi kowa dacewa da tsara kayan gwajinsu.

9.7 Karatun Gaba da Digirin Farko

Mai takardar shaidar malanta ta ƙasa zai fara ne da digirin farko. Idan a Hausa ko kimiyyar harshe ya yi shi, wasu jami'o'i sukan bukaci ya yi difloma ta gaba da digiri kafin ya shiga sashen ilimin halayyar ɗan Adam. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe irin wannan sashe a 1964, kuma yanzu akwai shi a jami'o'i da dama. A Birtaniya, digiri na biyu a dabarun binciken wannan fanni yawanci shekara ɗaya ne ga mai cikakken karatu, kuma shiri ne na shiga digiri na uku.

Darussan da ake yi sun haɗa da tsara gwaji, da ƙididdiga, da saikofizik, da aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da rubuta umarnin kwamfuta, da ladubban bincike, sannan kundi wanda ɗalibi zai gudanar da gwajinsa da kansa. Ƙididdiga ita ce takan razana ɗaliban harshe, don haka ya kamata mai wannan niyya ya fara sabawa da ita tun yanzu. Kayan aiki kuwa sun yi sauƙi. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amstadam suka ƙirƙira, kyauta ce, kuma da ita ana iya auna sauti, a tsawaita wasali ko a gajarta shi, a kuma gudanar da gwajin sauraro. Manhajar PsychoPy ta tsara gwaji da R ta ƙididdiga su ma kyauta ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka da na'urar sauraro mai rufe kunnuwa da ɗaki marar hayaniya sun isa a fara.

9.8 Naɗewa

A wannan babi mun ga cewa abin da mutum yake ji ba hoton abin da ke cikin iska ba ne kawai, harshen da ya tashi da shi yana da hannu a ciki tun kafin ya shekara. Mun ga dabarun da ake bi a auna wannan ɓoyayyen aiki, da matakan tsara gwaji, da tarkunan da ke hanya. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne kunne yana karɓar horo ko bayan girma. A 1991 John Logan da abokan aikinsa suka horar da manyan Japanawa rabe r da l na Ingilishi ta hanyar sauraron zubin kamantau daga muryoyi daban-daban, kuma sun samu ci gaba. A 1997 Ann Bradlow da abokan aikinta suka nuna cewa irin wannan horon kunne kaɗai ya kyautata har furucinsu. Saboda haka, kafin malami ya ce yaro ya maimaita, ya fara tabbatar da cewa yaron ya ji.

Tambayoyi

1. Bambance riska da tsinkaye tare da misalai biyu daga Hausa.
2. Mene ne tsinkayen rukuni? Yaya aka gano shi?
3. Me ya sa ake sanya zubin kamantau na Hausa a gwajin p da f?
4. Wane darasi mai bincike zai koya daga labarin dokin Berlin?
5. Yaro ya ci 13 cikin 20 a gwajin bambancewa. Me za ka ce game da sakamakonsa, kuma don me?

Jinga

Tsara gwajin da zai auna ko masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu suna rabe dogon wasali da gajere. Bayyana hasashenka da samfurinka da kayan gwajinka da ma'aunin kwatancenka a shafi biyu.